Birki Ne, Ba Biki Ba

Uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da ke da maigidanki da 'yan makarantarki, da amaryata 'yar ƙarama wadda har yau ko gaisuwa ba ta aiko min ba. Ki faɗa mata ko jika ce, miji miji ne, in ta ci gaba da haka zan yi yaji. Ni dai lafiya lau, sai gwiwa da take riga ni sallama duk inda na shiga.

Direba ya kawo min wasiƙarki a motarsa ta haya. Na karanta da tabarau, na cire tabarau na sake karantawa ko za ta canza magana, ba ta canza ba. Wai in tattara in koma wurinki, kin gyara min ɗakin da ke kusa da ƙofa. Uwata, ɗakin kusa da ƙofa ai na mai gadi ne. Na san kirki kike nufi. Amma gidan nan ni da mahaifiyarki muka ɗora shi bulo bisa bulo, ita tana ɗebo ruwa ni ina ba magini shawarar da bai tambaya ba. Tun da ta rasu, in na shigo nakan yi sallama, in ji shiru, in amsa wa kaina. Ba daɗi, amma shirun nawa ne. A gidanki ko tari zan yi sai na duba ko surukina yana barci.

Kin ce zaman kaɗaici zai cinye ni. To ki sani na shiga ƙungiya. Likita ya ce wa abokina Sajan ya rage tumbi, shi kuwa da yake tsohon soja ba ya iya wahala shi kaɗai, sai ya ɗebe mu, ni da Tela. Duk Asabar muna hawan keke mu zaga bayan gari, wai don nishaɗi. Ki ji fa. Duk tsawon aikina a gidan ruwa a kan keke na yi shi, ina bi gida gida ina karanta mita, karnuka suna raka ni, ana biyana. Yanzu na tsufa ina hawa kyauta. Sajan yana gaba da usur, Tela a tsakiya yana ƙorafi, ni a baya ina tattara abin da ya faɗo musu. Sajan har cewa yake yi tun da ƙarfina ya dawo in ƙara aure. Na ce masa wadda za ta aure ni sai dai in idonta ya fi nawa lalacewa.

Ga maganar da nake so mu yanke. Asabar ta sama za mu je madatsar ruwa, can bayan tudun nan da kike cewa ya kai sama lokacin da kike ƙarama. Tafiya ce ta wuni guda. In na je na dawo a kan kekena, ki bar maganar ɗakin nan har abada. In na kasa, ki turo Direba ya loda ni da tabarmata, ba zan ce uffan ba. Na kai keken wurin mai gyara ya sa sababbin robobin birki, ya shafa wa kaca mai. Yanzu keken ya fi mai shi ƙuruciya.

Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙa. Makaranta dai ban gama ba, amma kin san ko manyanmu a ofis in suna son rubutu mai kyau ni ake kira.

Ni ne babanki.

*

Baba,

Na gaishe ka da kyau. Muna lafiya duka. Amaryarka ta ce ba ta gaida mijin da ba ya zuwa ganinta.

Ɗakin ba na mai gadi ba ne, shi ne mai taga biyu, kuma ba shi da matakala. Amma na ji. Na yarda da sharaɗinka, don na san in ban yarda ba ma tafiyar za ka yi. Ka je ka dawo a kan kekenka, ni kuma in rufe bakina. In ba haka ba, alkawari kaya ne, kai ka koya min.

Ka tafi da ruwa da hula. Kada ka biye wa Baba Sajan, shi har yanzu gani yake ana fareti. In ka gaji ka sauka ka tura, ba wanda zai rubuta a jarida. Takardun jarrabawar yara sun taru min, shi ya sa na taƙaita. Da kun dawo ka rubuto min, kada sai na tambaya.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa. Lafiya lau nake. Ki yi haƙuri da dogon shiruna, Direba ya zo ya koma ban ba shi komai ba. Maganar biki ce ta ɗauke min hankali.

Madatsar dai ba mu kai ba, biki ya hana. Amma wannan ba ya cikin sharaɗi, don ba ni na kasa ba.

Tsohuwar ta gama aikinta, ba a ga laifinta ba, shekaru ta yi tana riƙe da ni. Sajan ya ce kada in tsaya jimami, in nemi sabuwa kawai. Shi ya samo min wata, ya ce ba ta da tsada kuma da ƙwarinta. Tela ya gani ya yaba. Ranar Asabar za a ɗaura.

Ban faɗa miki da wuri ba ne don kada hankalinki ya tashi.

Babanki.

*

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya.

Wasiƙarka ta same ni a makaranta, na karanta a tsaye a bakin aji. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ba ni da ikon hana ka, kuma ban taɓa cewa ka zauna haka har ƙarshen rayuwarka ba. Da ka faɗa min tun farko, da ni zan zo in share gidan da hannuna. Amma a ce Baba Sajan ya samo, Baba Tela ya gani ya yaba, ni sai a wasiƙa, bayan an sa rana? Ashe shi ya sa ɗakina bai yi maka ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Matar da ta ɗebo ruwan ginin gidan nan, yau ita ce tsohuwar da ta gama aikinta? Ban taɓa jin ka kira Mama haka ba ko da wasa. Kuma ita wannan baiwar Allah, kada ta ji an ce ba ta da tsada, ba abin yabo ba ne.

Ina roƙon alfarma. Kafin ta tare, a haɗa min kwanukan Mama da akwatinta da hotonta na jikin bango a ba Direba. Ba don komai ba, don kada su tsare wa kowa wuri. Ba zan samu zuwa ba, jarrabawa ake yi.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa, da fatan kin huce ko da rabi. Lafiyata ƙalau, sai haƙarƙari da ke ciwo saboda dariyar da kika sa mu. Na kai wa Sajan da Tela wasiƙarki a shago, Tela ya yi dariya har allura ta soke shi. Ni ma na yi, amma da na dawo gida na dubi hoton mahaifiyarki sai dariyar ta tsaya.

Birki, Uwata! Birkin keke! Harafi ɗaya na yar a hanya kika ɗaura min aure. Tsohuwar da ta gama aiki wayar birki ce, sabuwar ma waya ce, kuma an ɗaura ta lafiya ba tare da waliyyi ba. Mahaifiyarki kuwa, ko a mafarki na kira ta tsohuwa sai ta tashe ni da muciya. Kwanukanta suna nan inda ta bar su, ni nake goge musu ƙura. Mata ɗaya gare ni a duniya, tana gidanki, ita ma ta ƙi ni.

Bari in ba ki labarin yadda aka yi. Mun fita da sanyin safe, Sajan da usur, Tela ya ɗaure laima a kan keke kamar mai zuwa sarauta. Muka wuce wurin masu buga bulo, muka tsallake titin jirgi, muka shiga gonaki. Har nan ni ne gwani, don ƙafata ba ta manta aikinta ba. Da muka iso tudun, Tela ya fara sauka, ya ce shi ɗinki ya koya ba dako ba. Sajan ya ƙara gaba kaɗan don a ce soja ne, shi ma ya sauka yana duba taya kamar ita ce ta gaji. Ni ban ma yi ƙarya ba, na sauka na tura yadda kika ce. Muka hau muna nishi kamar tsofaffin injinan niƙa.

A saman tudun muka hango ruwan, yana walƙiya can ƙasa. Wallahi Uwata na ji daɗi. Na ce a raina, yau na gama da maganar ɗaki mai taga biyu. Saura gangare kawai, ko gawa aka ɗora wa keke za ta kai.

Muka sako. Da farko iska tana shiga rigata ina jin kaina saurayi. Da gudun ya fara yawa na kama birkin baya, na hannun dama, sai na ji kamar na kama iska. Na gaba kuwa kin san ba a kama shi a gangare, sai mutum ya riga kekensa isa. Na wuce Tela. Na wuce Sajan, yana busa usur yana ihu, “Tsaya a layi! Wa ya ba ka izini?” Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ka faɗa wa keken!” Na sauke ƙafafu ina jan ƙasa, takalmi ɗaya ya yi sallama da ni. Wasu awaki suka ba ni hanya, Allah ya saka musu. A kwanar ƙarshe hanya ta karkata, ni ban karkata ba, na shige gonar wani bawan Allah da aka gama huɗa. Ƙasa mai taushi, kamar an san ina tafe.

Ina kwance ina kallon sama sai ga Tela a kaina yana cewa, “Ka mutu ne ko in ajiye laima?” Gwiwar hannu ta ɗan kurje, wando ya yage inda ba a faɗa. Ruwan kuwa ga shi nan, da na yi jifa mai kyau da dutse ya faɗa ciki. Amma Sajan ya ce ba mai ƙara hawa, an fasa. Haka muka juyo muna tura kekuna a rana, ni da takalmi ɗaya, har wata motar yashi ta tausaya mana. Ban taɓa gajiya irin ta ranar ba. Kwana da kwanaki ko buta na ɗaga sai in ji ta yi nauyi.

Da na warware na je rumfar mai gyara na sauke masa kwandon faɗa a gaban mutane. Na ce ya sa robobi ya bar min ruɓaɓɓiyar waya, saura kaɗan ya mai da ke marainiya. Shi kuwa ya juya tayar, ya matsa birkin, ta tsaya cak. Ya ce, “Baba, ai lafiyarsa ƙalau.” Na ce to ai ko jaki ya ga ubangidansa yakan yi ladabi. Na sa shi ya cire ya ɗaura sabuwa.

Don haka sharaɗi yana nan. Keke ne ya kasa, ba ni ba. A sake ba ni wata Asabar.

Babanki, ango ba amarya.

*

Baba,

Na gaishe ka. Ka yafe min. Na ji kunya har na kasa nuna wa maigidana wasiƙar, shi da na sa ya sayo turmin atamfa don gudummawa. Ya ce in ajiye, wai ba a san gobe ba. Na yi dariyar labarin Baba Tela da laimarsa. Amma dariyar ba ta kai ni ko'ina ba.

Baba, aikina ke nan kullum, duba rubutun yara. Kai ka koya min riƙe alƙalami, kuma ban taɓa ganin ka yar da harafi ba. A wasiƙar bikin nan ka yar da shi ba sau ɗaya ba. Layukanka suna gangarowa ƙasa, baƙaƙen sun ƙanƙance, wani wurin kamar alƙalamin ya zame. Ta bayan nan ma, da ka ce ka warware, haka take. Ka ce buta tana yi maka nauyi. Ka ce mai gyara ya matsa birkin taya ta tsaya cak.

Shugaban makarantarmu na da, alli ne ya fara faɗuwa daga hannunsa. Ya ce allin ne ba shi da kyau, ya sa aka canza wani. Yanzu sai an juya shi a gado.

Ba maganar sharaɗi nake yi ba, na yafe sharaɗin, ka zauna a gidanka in kana so. Tambaya ɗaya ce, kuma ka ba ni amsa ba da wasa ba. Da ka kama birkin nan a gangare, birkin ne bai kama ba, ko hannun ne bai matsa ba?

Kada ka ƙara hawa sai ka ga likita. In Direba ya dawo hannu wofi, zan bar jarrabawar in taho.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ba zan ce lafiya lau nake ba, tun da kin hana ni ƙarya. Direba yana tsaye a ƙofa, ya ce kin ce kada ya motsa sai da takarda, don haka ki yi haƙuri da rubutun, a hankali nake yinsa ina hutawa.

Na aika ki makaranta don ki karanta littafi, ashe ni za ki dawo ki karanta.

Hannun ne. A saman tudun na fara jin yatsuna kamar na wani aka ara min. Na ce sanyin iska ne. Da na ce musu su matsa, ba su ji ba. Ina kallon hannuna a kan birki, yana nan a zaune kamar baƙo. Kafin mu iso gida ya ɗan dawo, sai na ce to ai shi ke nan, tun da ba wanda ya gani. Na faɗa wa kaina waya ce har na fara yarda.

Da safen nan, bayan na karanta wasiƙarki, Sajan ya kai ni asibiti, yana gaba ina baya kamar ya kamo ɓarawo. Likita ya sa ni in matse masa yatsu, in ɗaga hannu, in yi murmushi. Na ce masa murmushin sai ya ba ni dalili. Ya ce jinina ya hau sosai, kuma abin da ya same ni shanyewar ɓarin jiki ce ta leƙo ta koma. Ya ce ba kullum take leƙowa ta koma ba. Ya ba ni magunguna, ya ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa kamar yaron goye. Ya tambaya wa nake kwana da shi a gida. Na ce ni da kwanuka. Bai yi dariya ba. Likitocin yanzu ba su da raha.

Daga can na wuce rumfar mai gyara. Tun da a gaban mutane na ci masa mutunci, a gabansu na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ciro tsohuwar wayar daga inda ya rataye ta, ya ce dama bai yar ba, don ya san lafiyarta ƙalau. Na fi jin kunyar wannan a kan faɗuwar gona. Keken na bar wa Tela, nasa ya fi nawa tsufa. Ya ce aro ne, na ce eh aro ne, muka bar ta haka.

Kin ce kin yafe sharaɗi. Ni ban yafe ba. Ni na kafa shi da bakina, kuma ban je na dawo ba. Na gaji, Uwata. Na gaji da yi wa kaina shaida. Jiya maɓallin riga ya tsayar da ni har shayi ya huce, na zauna bakin gado ina yi masa magana.

Zan biyo Direba a zuwansa na gaba. Sajan zai riƙe mabuɗi ya riƙa buɗe tagogi. Ban ce na tare ba, na ce zan zo in ga yadda hannun zai yi. Ke ma ki faɗa wa mutane haka, ko da mu biyu mun san abin da muka sani.

Alfarma ɗaya nake nema. Kada ku taru a tasha kamar an kawo mara lafiya. Ki turo maigidanki shi kaɗai, kuma ki ja masa kunne kada ya karɓi jakata. Da kaina zan sauko da ita. In ta fi ƙarfina zan ajiye ta a ƙasa in tsaya gyara hula. Sai ya ɗauka a lokacin, yana yi min wata hira daban.

Ni ne babanki.